Minti Ashirin da Biyar da Na Ɓarar a Tsugune

Akwai ranar da na tabbata ko tsufa ya kai ni ga manta sunayen jikokina, ita ba za ta fita daga raina ba. Wata Asabar ce, a wani wurin ninƙaya mai rufi da ke unguwar Aƙiƙ a Madina, ina da shekara goma sha takwas. Na daɗe ina ba da labarin a matsayin tsautsayi, yau dai zan faɗe shi yadda ya faru.

A Madina aka haife ni, haka ma mahaifina. Kakanmu ne ya zo aikin Hajji ya zauna. Hausa kuwa ina jin ta tsaf, amma in aka yi mini magana da ita, da Larabci nake mayarwa, kamar yawancin sa'o'ina. A lokacin ba abin da ke kaina sai iyo. Mu huɗu ne a ƙungiyarmu muke tseren karɓa-karɓa, wato ɗaya ya yi mita ɗari, yana taɓa bango na gaba ya faɗa ruwa. Ni ne na uku. Na huɗu, mai rufe tseren, shi ne babbanmu, wani ɗan unguwar Ƙiblatain da duk muke ce wa Yaya. Shi ya koya mini juyi a bango, shi yake biyo mini da asuba a tsohuwar motar babansa. Waccan shekarar ce ta ƙarshe da shekarunsa suka ba shi damar shiga rukuninmu, kuma ƙungiyoyi biyu kacal za a ɗauka zuwa babbar gasa a Jidda. Shekara huɗu yana neman wannan tafiya bai samu ba.

Matsalar ranar ita ce an jera mini tsere biyu kusa da juna: nawa na mita ɗari biyu, sai na karɓa-karɓa bayan minti ashirin da biyar. Kocinmu, wani Bahaushen Sudan da muke kira Kabtin, ya yi sati yana nanata mini abin da zan yi. Ina fitowa daga ruwa kada in zauna, kada in tsaya hira. In wuce ƙaramin kwamin da ke gefe in yi iyo a hankali na minti goma har numfashi ya dawo, gajiyar da ta taru a ƙafafu ta warware. Sannan in goge jiki, in sa riga da safa, in kurɓi ruwa kaɗan-kaɗan, in ci dabino uku. Na haddace har ina kwaikwayon muryarsa a bayan idonsa.

To a wannan satin ne muka yi baƙo, wani ɗan'uwan mahaifina daga Kano da ya zo Umra, muna ce masa Baffa. Mutumin kirki ne, sai dai bakinsa ba ya hutawa. Ranar da ya sauka na miƙa masa hannu a tsaye na ce marhaba, ya dubi Abba ya ce, "Alhaji, wannan ɗan naka ai ya gama zama Balarabe. Ko rusunawa bai iya ba." Aka yi dariya, ni ma na yi, amma maganar ta zauna mini a ƙirji. Na ga kuma yadda Abba ya sunkuyar da kai.

Tseren farko na zo na ɗaya. Na fito ina haki, ƙafafuna na rawa, na nufi ƙaramin kwami kamar yadda aka ce. Sai na ji an kwaɗa mini kira daga wajen 'yan kallo. Abba ne, ga Baffa a gefensa, ga wasu dattawa huɗu abokan tafiyarsa, duk sun sha manyan riguna sun cika benci guda. Niyyata in ɗaga musu hannu in wuce. Amma na ji Baffa yana cewa, "Kun ga kifin Madina! Namu ne, jininmu ne!" Nan take kaina ya kumbura. Na ce a raina yau zan nuna masa wanda bai iya rusunawa ba.

Na haura da jiƙaƙƙen jiki, na zube a gabansu na tsuguna, irin tsugunon da ko a Kano sai a yaba. Na bi su ɗaya bayan ɗaya da 'yar Hausata mai ɗingishi: ina wuni, ina gajiya, ya ibada, ya mutanen gida. Kowanne ya amsa, ya ƙara da tambayoyinsa, wani ma sai da ya ba ni labarin yadda yake haye kogi yana yaro. Na'urar sanyaya ɗaki tana busa mini a gadon baya, ni kuwa ina duƙe a kan dugadugaina ina washe baki. Da aka gama sai babbansu ya ɗaga hannu ya fara addu'a, kuma wanda ya san addu'ar dattijon da ya zo Madina ya san ba ta gajarta. Wa zai miƙe ana tsakiyar addu'a? Ana shafawa Baffa ya buɗe gorar furar da mahaifiyata ta dama musu, ya cika kofi ya miƙo mini.

"Sha, ɗana. Wannan ce ƙarfin iyayenka, ba wancan ruwan robar ba."

Na shanye. Ya ƙara, na ƙara. Ya yago kilishin da ya zo da shi ya danƙa mini, na tauna, yaji na cin harshena. Shekaru na yi ina gaya wa kaina wai kunyar babba ce ta hana ni ƙi. Ƙarya ce. Da na ce, "Baffa, a gafarce ni, ina da wani tseren," da shi zai fara korata. Daɗin yabo ne ya zaunar da ni.

Da na miƙe sai na ji ƙafafun kamar na aro. Na dubi agogon bango, saura minti shida. Na sauka a guje, na tsaya bakin ƙaramin kwamin, na kamfaci ruwa na jiƙa kaina da kafaɗuna don a ɗauka yanzu na fito. Wannan kamfatar ruwan ita ce abin da ya fi ba ni kunya a duk rayuwata. Kabtin ya iso da takardarsa, ya ƙare mini kallo.

"Ya walad, kai yaro, ka warware jiki? In ba ka ji daidai ba ka faɗa yanzu, mafi mushkila, ba matsala, in sa wani a gurbinka."

Muna da mutum na biyar a shirye, bai kai ni sauri ba amma jikinsa a huce yake. Kalma ɗaya ce za ta gyara komai. Yaya na tsaye a gefe yana gyara hularsa. Na ce, "Khalas, an gama, Kabtin, na yi. Ina lafiya."

Na farko da na biyu suka yi abin da ya kamata, na faɗa ruwa muna na biyu. Mita hamsin na farko na lallaɓa, duk da na ji furar tana kai kawo a cikina. Na kai bango, na juya, na tokare da ƙafa, sai tsokar sha-raɓata ta dama ta ƙulle tamau. Na yi ƙoƙarin bugawa da ta hagu, ita ma ta ɗauka. Na buɗe baki don azaba, ruwa ya shige, abin da ke cikina ya taso. Ban san lokacin da na rungume igiyar layi ba. Ina jin sauran suna wuce ni ɗaya bayan ɗaya, har mai ceto ya miƙo sanda aka jawo ni gefe a gaban kowa, a gaban Abba da baƙinsa.

Daga inda nake kwance na hango Yaya. Yana kan dandamalin faɗawa, a duƙe, gilashi a ido, yana jiran hannun da ba zai taɓa bango ba. Ya daɗe a haka. Sannan ya miƙe, ya cire gilashin, ya sauko a hankali. Tserensa na ƙarshe ke nan, kuma ko tsoma ƙafa bai yi ba.

A ɗakin canza kaya shi ne ya durƙusa yana murza mini ƙafar. "Ma'alesh, ba komai, ƙanina, haka Allah ya so," in ji shi. Kabtin ya shigo yana zargin kansa, wai shi ya ɗora mini tsere biyu. Baffa ya yi ta sannu har gida, yana cewa tsautsayi ne. Kowa ya ba ni uzuri, ni kuma na karɓe na yi shiru.

Sai bayan shekara bakwai na iya zuwa wurin Yaya. Na same shi a shagonsa na gyaran na'urar sanyi a unguwar Anbariyya, hannunsa duk baƙin mai. Na zayyana masa komai, ina kallon ƙasa. Ya ci gaba da kwance kusar da ke hannunsa har na gama.

"Ai na sani," ya ce. "Ina bakin kwamin ina jiranka, na hango ka a tsugune."

Na ce, "To Yaya, me ya hana ka gaya wa Kabtin?"

Ya ajiye sukundireba ya dube ni, ba fushi a fuskarsa. "Na ce ƙanina ne, da bakinsa zai faɗa. Wallahi har aka busa usur ina jiran ka faɗa."

Hawaye kawai na ji suna zuba. Ya yafe mini, ya aika aka kawo shayi, amma Jidda dai bai je ba, kuma yafiya ba ta mayar da wannan.

Abin da ranar ta koya mini shi ne, jiki yana da haƙƙinsa tsakanin aiki da aiki, kuma ba ya karɓar uzuri. Amma wanda ya fi wannan: in ka yi kuskure kuma aka tambaye ka tun da sauran lokacin gyara, ka faɗi gaskiya nan take. Na guje wa kunyar minti ɗaya a gaban Kabtin, sai wanda ya amince da ni ya biya da abin da ya yi shekara huɗu yana nema.