Lemu a Ƙwaryar Nono

Har yau in na ɓare lemu ƙamshin ɓawon ya bugi hancina, sai in dakata. Wasu daɗi suke ji. Ni kuwa wata magana nake tunawa da na yaɓa wa kakata ina 'yar shekara tara, wadda da ana mayar da magana ciki da tuni na haɗiye abata.

A Ƙofar Wambai muka tashi, amma asalinmu makiyaya ne. Mahaifinmu, da muke kira Baffa, atamfa yake sayarwa a Kasuwar Muda Lawal, sai dai yana da shanu a ƙauyen Inkil wajen wani ɗan'uwansa, kullum da safe ana aiko mana da nono. A gidanmu nono ya wuce abinci. Ciwon kai, nono. Zazzaɓi, nono. Ko tuntuɓe ka yi sai an ce sha nono ka kwanta.

Mahaifiyar Baffa, Dada, ita ce mai tatsuniyar gidan. Da an idar da magariba, garwashin tuwo bai mutu ba, sai ta jawo kujerarta bakin murhu mu kewaye ta kafin a kira isha'i. Ba ta buɗewa yadda kowa yake buɗewa. Cewa take yi, “Ku gyara zama, ga wata nan ta shigo ba sallama.” Mu ce, “Ta zauna mu ji ta.” Muryoyi gare ta kamar me, in ta kwaikwayi kura sai ƙananan cikinmu su maƙale a bayanta.

A shekarar aka yaye ƙanwata Dije, aka kai ta ɗakin Dada kamar yadda aka saba. Tun da aka fara ba ta nonon shanu yarinyar nan ba ta sake lafiya ba. Amai, gudawa, ƙuraje, wani lokaci har leɓenta ya kumbura. Tana ramewa Baffa yana cewa a ƙara mata nono, ai shi zai mayar mata da jiki. Ni kuma ina jin haushin Dada, don ban taɓa jin ta kira Dije da sunanta ba. Kullum “baƙuwar nan.” Na ɗauka ba ta son ta ne.

Wata rana da hantsi, Baffa ya fita kasuwa, Dada ta kira ni ɗakinta. Na tarar ta jiƙa aya tun jiya, ta kumbura. Ta durƙusa gaban dutsen niƙa, tsohuwa da ciwon gwiwa, ta niƙe ta lukui, ta zuba ruwa ta tace da farin ƙyalle. Ruwan ya fito fari tas. Ta juye shi a ƙwaryar nonon Dije, ta ce da ni, “Asma'u, idonki ya gani, bakinki bai gani ba.”

Kwana biyu Dije ta sha, a na uku ta tofar. Ita dai lemu take so, in ta ga ana sha sai ta miƙo hannu. Sai Dada ta sa na matse lemu uku, na tsince 'ya'yan, ta ce kada farin ɓawon nan ya shiga don ɗaci gare shi. Ta dame ayaba nunanniya da dabinon da ta jiƙa, ta haɗa da ruwan ayar, ta sa maburgi ta yi ta burgawa har ya yi kauri ya taso da kumfa. Ta ɗora ƙwaryar a bakin randa ya yi sanyi. Wallahi Dije ta shanye tas har tana lasar ƙwarya. Kwana huɗu ba amai, ba gudawa.

Lemun ne ya tona mu. Abin da yake fari ya koma ruwan ɗorawa, kuma a rana ta biyar Baffa ya dawo da wuri ya tarar da ƙwaryar a bakin Dije. Ya karɓa ya shinshina. Ya san da a ce nono ne, da lemu ya tsinka shi.

“Dada, me ake ba yarinyar nan?”

“Abin da cikinta ya karɓa.”

“Aya? Jikarki, a ce nono ya fi ƙarfinta? Me za a ce da mu a Inkil?”

Bai ɗaga mata murya ba, ba a yi masa wannan tarbiyyar ba. Ya dai ce daga gobe da safe shi zai riƙa ba Dije nono da hannunsa. Na dubi Dije, wuyanta kamar tsinke.

Da magariba muka taru bakin murhu. Baffa yana kan buzunsa a ƙofar ɗaki yana jan carbi. Dada ta gyara murya, ta kuma ɗaga ta fiye da kullum.

Ta ce a wata ruga an yi wata mata mai shanu da yawa, ta haifi 'yarta ta fari. Da aka yaye yarinyar sai cikinta ya ƙi nono. Wata tsohuwa mai tallan aya ta biyo ta rugar, ta ga yarinyar, ta ce, “'Yar nan, ki ɗauke mata nono kwana bakwai ki gani.” Matar ta yi dariya, ta ce ina aka taɓa jin 'yar makiyaya ta gudu daga nono, matan ruga ai sai su sa ta a waƙa. Ta ce laifin saniyar ne. Ta bar farar saniya ta tatsi ja. Ta bar ja ta tatsi baƙa. Haka ta bi garken ɗaya bayan ɗaya, yarinya tana ƙara ƙanƙancewa. Ran da ta tatsi saniyar ƙarshe, ta taho da ƙwarya cike tana sauri kada kumfar ta kwanta, ta shiga bukka ta tarar babu wanda za ta ba.

A nan Dada ta tsaya. Muna jira Gizo ya ɓullo, ko tsuntsuwa ta rera waƙa yarinyar ta tashi.

Na ce, “Sannan fa?”

“Tana nan tsaye da ƙwaryar.”

Raina ya ɓaci, don ji na yi an cuce mu. Na ce, “Wannan ai ba tatsuniya ba ce. Kuma matar nan muguwa ce, Dada. Ita ta kashe 'yarta da taurin kai.”

Dada ta dubi garwashi. Sannan ta ce, “Haka ne, Asma'u. Ita ta kashe ta.” Ta tura wani guntun ice cikin murhu. Na lura ƙarar carbin Baffa ta tsaya. Ya miƙe ya fita masallaci tun ba a kira salla ba.

Da safe aka kawo nono daga Inkil. Baffa ya ɗauki ƙwaryar Dije ya tsaya da ita a tsakar gida, ya tsaya, ya tsaya, sai ya ajiye ya fita. Kafin azahar ya dawo da mudun aya da lemu a leda, ya dire a ƙofar ɗakin Dada. Dije ta rayu. Yanzu 'ya'yanta huɗu, ta ma fi ni jiki.

Sai da Dada ta rasu, ina gidan aurena, Baffa ya gaya mini a zaman makoki. Yana da yaya mace, 'yar Dada ta fari, da ta mutu kafin a haife shi, sunanta ya sa wa Dije. Bai taɓa sanin abin da ya kashe ta ba sai a wannan magaribar. A wajenmu uwa ba ta kama sunan ɗanta na fari, ba ta kuma kukansa a gaban mutane. Shi ya sa Dada take cewa “baƙuwar nan.” Shekara da shekaru tana ɗauke da abin nan ba ta da bakin faɗa, ranar da ta samu ta sauke shi don jikarta ta tsira, ni kuma na ce mata muguwa. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ba ta musa ba.

Ɗana ƙarami ya gado cikin Dije, likita ya ce a raba shi da nonon shanu. Ni ba na durƙuson dutsen niƙa. Aya, lemu, dabino, ayabar da ta kwana a firji, in zuba a blanda, kafin ka ce me ya yi kauri. Yarana sun ji duk tatsuniyoyin Dada a bakina, ban da wannan, don na kasa. Ina dai jira in kunna blandar, ƙararta ta cika kicin yadda ba mai jin abin da nake faɗa, sannan in ce, “Dada, ki yafe mini. Matar nan ba muguwa ba ce. Ki ce mata ta ajiye ƙwaryar, Dije ta sha.”