Hutun Murya a Ɗakinmu na Sulai

Ni mawaƙi ne, irin masu muryar maza ta sama da ake kira tena. Na faɗa tun da wuri ne saboda a Riyad iƙamata, wato takardar izinin zama, direba ta ce, kuma duk wanda ya gan ni ina lodin kwalaye a sitocin unguwar Sulai ba zai yi mata musu ba. A Jos na fara, a hannun wani malamin kiɗa na sakandarenmu da ya ji ina ihu a filin ƙwallo ya aika a kira ni. Daga nan sai Legas, inda na koyi karanta waƙa a takarda, na riƙa rera Italiyanci da Jamusanci alhali ko ruwan sha ban iya roƙa da su ba. Na yi shekaru a sahun mawaƙa, wani lokaci a fito da ni gaba ni kaɗai. Tafi kam na sha shi. Amma a gida cefane ake jira, shi ya sa na hau jirgi.

Na daɗe a Riyad kafin in gano wata ƙungiyar mawaƙa ta baƙi: ma'aikatan jinya 'yan Filifin, injiniyoyi, malaman makaranta. Shugabarmu wata Baturiya ce mai furfura, ba ta da yawan dariya. Ita ce ta zo mana da labarin cewa ana kafa sabuwar ƙungiya ta masu waƙa a matsayin sana'a, kuma wanda aka ɗauka har kafalarsa, wato rajistar uban gidan da yake aiki a ƙarƙashinsa, za a mayar can. Masu zaɓen za su zo wasanmu na ranar Asabar. Ta duba sahun maza, ta nuna ni, ta ba ni baitin da mutum ɗaya ke rerawa, mai hawa can ƙololuwa a ƙarshensa. Na haura arba'in a lokacin. Muryar tena ba ta jiran kowa, kuma na san in wannan ta wuce ni, to ni da sitiyari sai tsufa.

Ɗakinmu na Sulai kuwa cike yake da Hausawa, na Najeriya da na Nijar, tire ɗaya muke ci. Babbanmu wani dattijo ne mutumin Damagaram, kowa Baba yake ce masa. Gadon da ke kusa da nawa na wani birkila ne ɗan Maraɗi, mutumin kirki wallahi, sai dai yini yake a rana, in ya dawo sai ya ƙure mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, kamar kifi za a adana. Ni kuma sanyin nan busar mini da maƙogwaro yake yi. In rage, ya ƙara. In rage, ya ƙara. Rannan dai muka yi cacar baki, ba wata mai zafi ba, aka ba mu haƙuri.

Washegari na tashi maƙogwarona kamar na haɗiyi ƙaya. Likita ya haska ya ce ya kumbura, amma zai sauka kafin Asabar in na yi shiru. Shiru na gaske, in ji shi, ko raɗa ban da ita. Na dawo na tara 'yan ɗaki na yi musu bayani dalla-dalla, na ce wannan ce maganata ta ƙarshe sai bayan wasa.

Suka fashe da dariya. Wani ya ce, "Wai hutun murya! Jaki ce ita da za a sauke mata kaya?"

Na ɗauka sun fahimta. Ashe sun ji dai, sun ajiye a gefe.

In aka yi mini sallama, sai in dafa ƙirji in sunkuyar da kai. A sito ina nuni da hannu, a mota ni kaɗai ne, komai na tafiya daidai, kumburin na sauka. Abin da ban lura da shi ba, ɗan Maraɗin nan kullum da safe sai ya ce, "Malam, ina kwana?" ni kuma in ɗaga masa hannu. Daga baya ya daina zama a tirenmu, ya koma cin abincinsa a bakin ƙofa.

Ranar Juma'a muna dawowa daga masallaci Baba ya ce kowa ya zauna. Aka rufe ƙofa. Don girmama zaman ya sa aka kunna turaren wuta, wanda ya sayo a kasuwar Utaiƙa yake ta ɓoyo, hayaƙi ya turnuƙe ɗakin. Mukayyif na ta gurnani. Ga lemo mai ƙanƙara an jera a tsakiya. 

Baba ya ce, "Ɗana, Musulmi ba ya gaba da ɗan'uwansa ya wuce kwanakin da aka ɗibar masa. Kai ka wuce. Yau za a gama ta."

Gaba! Na zaro waya na rubuta cewa ba gaba nake ba, likita ne ya hana ni magana. Baba ya ture wayar da bayan hannu.

"Muna zaune a gabanka kana mana rubutu? Ofis ka zo?"

Na ce a hankali, "Baba, ba gaba nake ba."

"Ɗaga murya. Ba a sulhu da raɗa."

Ɗan Maraɗin ya karɓa, idonsa ya kawo ruwa. Ya ce shi a garinsu ko wanda ya kashe maka akuya in ya gaishe ka sai ka amsa, amma ni a gaban jama'a nake ɗaga masa hannu kamar ɗan sandan kan titi. Daga nan aka shiga zagaye. Kowa sai ya yi nasa wa'azin, kuma kowane wa'azi sai an juyo an ce, "Ka ji ko?" sai na amsa da baki. In na gyaɗa kai, a ce ga shi nan, har yanzu zuciyarsa ba ta sauko ba. Hayaƙi na shiga, ina tari, ina maimaita magana ɗaya: likita, Asabar, kumburi. Kai, jama'a! Kamar da bango nake yi.

Can sai wani daga kan gado ya ce, "Duk wannan fa a kan waƙar Turawa ne, wadda shi kansa bai san abin da take cewa ba."

Nan na tashi tsaye. Ban tuna duk abin da na faɗa ba, amma na san da dukan ƙarfina na faɗe shi, kuma mai irin muryata in ya yi ihu har ɗakin maƙwabta sai an ji. Na ce rabin rayuwata na zuba a abin nan, na ce gobe kaɗai nake roƙo, gobe kaɗai, a bar ni in kai gobe! A tsakiyar maganar na ji wani abu ya ɓarke a wuyana kamar tsohon yadi.

Baba ya tafa hannu, fuskarsa ta washe. "Yawwa! Ga shi ya amayar da abin da ke cikinsa. Ku yi musabaha."

Muka yi. Ɗan Maraɗin ya buɗe lemo ya kurɓa, ya miƙo mini sauran. Duk ɗakin ni ake kallo, kuma na san in na ƙi, an koma farko. Na shanye.

Ranar Asabar muka taru gwaji kafin a buɗe zaure. Ƙasan muryar yana nan, tsakiya ma da dama-dama. Shugabarmu ta buga sautin saman a fiyano, na buɗe baki, iska ce kawai ta fito. Ta sake bugawa. Iska. Ta dube ni ta saman tabarau ta ce me ya faru, ba na ce ina hutawa ba? To me zan ce mata? In ce sulhu aka yi mini? Ta juya ta kira wani saurayi ɗan Filifin mai aiki a kantin magani.

A sahun baya na tsaya, cikin baƙar kwat ɗin da na goge tun farkon mako, ina motsa leɓe. Saurayin ya yi ƙoƙari, ba zan ci haƙƙinsa ba. Shi aka ɗauka. Na yi baƙin ciki irin wanda ban taɓa yi ba tun rasuwar mahaifina, kuma abin haushin, babu wanda zan riƙe. Mutanen nan don Allah suka yi.

Muryar ta dawo daga baya, amma ba duka ba, kuma ba a sake kirana gaba ba. Har yau ina Sulai, ɗaki ɗaya, tire ɗaya. Duk sanda aka kawo sabon baƙo daga gida, Baba sai ya zaunar da shi ya ja masa kunne a kan zaman tare, kuma misalinsa ɗaya ne: yadda wasu mutum biyu suka ƙulla gaba a ɗakin nan, ɗayan ya rantse ba zai buɗe baki ba, shi kuma bai tashi daga wurin ba sai da ya sa shi magana. Sai ya waiwayo inda nake.

"Ko ba haka aka yi ba, ɗana?"

In ce, "Haka aka yi, Baba."