Hanyoyin da Othniel Ya Zana

Da ƙarfe biyar da rabi na safiyar Asabar ɗin, Othniel ya fito da kekensa tsakar gidansu a Damilu, ya kifa shi a kan sirdi yana ɗiga wa sarƙa mai. Mahaifinsa, Malam Absalom, ya ji ƙarar taya daga ɗaki, bai tashi ba. Haka kowace Asabar take farawa a gidan.

Ƙarfe shida uwarsa Rebeka ta miƙa masa kunun gyaɗa, ya sha a tsaye. Ta ce ya haƙura da fita yau, ko sati uku ba a yi da faɗuwar Mubi a hannun masu tayar da ƙayar baya ba, gari cike yake da baƙi da tsoro. Ya ce ai ba Mubi za shi ba, bayan Dutsen Bagale ne kawai, kuma duk wanda ya ga ƙato yana haki a kan keke tausayinsa zai ji. Ta juya ta ce wa mijinta ya sa baki. Malam Absalom yana ɗaura agogo a lokacin. Abin da ya ce shi ne, "Ka ɗauki fensir biyu. Wancan karon taswirarka a rabin hanya ta tsaya."

Shida da kwata ya fita. Bakwai saura ya wuce shingen bakin gada, inda masu bincike suka saba da shi. Wajen takwas ya bar kwalta ya ɗauki burji. Sha ɗaya da minti goma ya kira mahaifinsa, suka yi magana ta daƙiƙa arba'in. Ya ce ya sami wata hanya da ba ta cikin kowace taswira, tana bin gindin dutse tsakanin gonakin dawa, tsakuwarta fara, kuma akwai gangara mai tsawon da mutum zai manta yana da ƙafafu. Malam Absalom ya tambaye shi ko ya auna ta. Ya yi dariya ya ce yanzu zai zauna ya zana.

Shekarunsa ashirin da shida. Aikinsa gwajin jini a wani ƙaramin asibiti a Jimeta, kwana biyar a mako yana leƙen ƙwayoyin zazzaɓi. Da aka hana acaɓa a gari kowa ya koma Napep, shi kuwa ya sayi keken gwanjo ya sa masa taya mai kauri. Ba ya son kwalta, ya ce hanyar masu sauri ce. Ya san lungunan Damare da hanyoyin shanu na wajen Girei, ya san inda yashi ke kama taya da inda ake samun nono mai kyau. Ba ya ara wa kowa kekensa, ko fasto ne. Ranar Lahadi a coci gajiya takan sa shi gyangyaɗi tun kafin a fara wa'azi, Rebeka tana zungurinsa da littafin waƙa.

Zanen kuwa a wurin mahaifinsa ya gada. Malam Absalom safiyo ne, shekara talatin da ɗaya yana auna ƙasa kafin ya yi ritaya. Tun yaron yana ɗan shekara goma sha biyu ya koya masa ƙa'ida: kibiyar arewa a sama, kwanan wata a ƙasa, kuma kada ya tsallake komai. Kwalbati, rijiya, makaranta, masallaci, coci, yawan gidaje, duk a sa. Othniel ya cika littafi bakwai a haka. Na takwas yana cikin jakarsa ran nan.

Abin da ya biyo bayan wayar, daga bakin mutane Malam Absalom ya tattara shi. Wajen ƙarfe ɗaya samarin da ke gadin wani ƙauye suka tarar da baƙo zaune a kan kwalbati yana rubutu. A makonnin nan ana ta cewa masu kai hari sukan fara turo mai leƙen asiri. Suka karɓi littafin. Ga rijiyarsu, ga makarantarsu, ga gidajensu an ƙirga, ga kuma hanyar bayan dutse wadda ba ta bi ta kowane shinge. Suka tambaye shi wa ya aiko shi. Ya ce don kansa yake yi. Babu wanda ya taɓa jin mutumin da ke ƙirga gidajen wasu don kansa. Ya roƙi a kira mahaifinsa, amma an riga an ƙwace wayar. Kafin ƙarfe uku an gama.

Maganar ta riga gawar isowa Jimeta. Ranar Litinin, a ofishin tsaron da aka kira shi, wani jami'i ya tambayi Malam Absalom ko akwai irin wannan littafi a gida. Mutumin da bai taɓa ƙara taku ɗaya a ma'auni ba ya ce babu. Ya dawo da la'asar, ya sami Rebeka a ɗaki tare da mata uku kacal masu ta'aziyya, su ma ba su daɗe ba. Ya tuna gidajen da aka bincika a unguwa, da mutanen da aka tafi da su. Ya kwashe littattafan bakwai ya kai bayan gida, ya zuba su a tsohon duro, ya yayyafa kananzir. Bai buɗe ko ɗaya ba. Minti arba'in suka ɗauka.

An binne Othniel ranar Alhamis. Rabin kujerun cocin babu kowa. Tun daga nan abu ɗaya Malam Absalom yake nema: a faɗa a fili, a inda abin ya faru, cewa ɗansa ba abin da aka ce ba ne. Ya rubuta wa hukuma takardu uku, babu wadda aka amsa.

Bayan wata biyar wata a-kori-kura ta tsaya a ƙofar gidan. Wani dattijo ya sauko, ya sa aka sauke keken. Jauro Bobboyi ne, mai garin wancan ƙauye. Ya ce ran nan yana cin kasuwa a wani gari. Da ya dawo an karanta masa littafin kafin hukuma ta karɓe shi, kuma ya ji abin da yaron ya rubuta a gefen shafi: nan akwai inuwa mai kyau, ruwan rijiyar nan da daɗi. Ya ce tun ranar zuciyarsa ba ta kwanta ba. Amma cikin samarin akwai 'ya'yan ƙanensa, kuma ƙauyen ba zai karɓi bakinsa shi kaɗai ba.

"Malam, an ce mini tun yana ƙarami yake wannan aikin. In akwai na da, mai kwanan wata tun kafin fitinar nan, ba ni ɗaya kawai. Zan ɗaga shi a ƙofar masallaci ranar Jumma'a, in faɗi sunansa da na ubansa."

"Babu, Jauro."

"Ko ɗaya?"

"Bakwai ne. Ni na ƙona su."

Rebeka tana bakin ƙofa da ruwan baƙo a hannu. Sai a lokacin ta ji. Ta ajiye kofin a gaban dattijon, ta koma ciki. Jauro ya ce zai faɗa duk da haka. Daga baya an ji ya faɗa, a zaurensa, ga mutum kaɗan. Har yau a can ana ba da labarin ranar da samari suka ceci gari.

Keken kuwa, wani mai bishara aka ba, mai zagaya ƙauyuka. Ya yi godiya, ya tambaya a hankali ko zai iya sake masa fenti. Takalma da katifa an kai wa mutanen Michika da ke gudun hijira a harabar coci. Riguna ne suka tsaya. Tun Othniel yana makarantar kwana Rebeka take ɗinka sunansa da jan zare a wuyan kowace riga, kuma ba ta daina ba har ya girma. Liyatu, shugabar zumuntar mata, ta dawo da ƙunshin rigunan da kanta. Ta ce mutanen suna bukata ƙwarai, amma ana tsayar da su a shinge ana duba su, kuma an san sunan.

Washegari da hantsi Rebeka ta fito da sabuwar reza ta zauna a baranda. Riguna goma sha ɗaya ne. Malam Absalom ya jawo kujera ya zauna gabanta. Ba ta hana shi ba. Shi yake riƙe kowane wuya a miƙe don kada rezar ta taɓa yadin, ita tana tsinke zaren, harafi bayan harafi.