Ƙauyen da Yaya Murtala Ya Gina a Kwamfuta

Kakata Ige, mahaifiyar babanmu, ba ta taɓa ba mu tatsuniyar da ta faru a wani gari mai nisa ba. Duk abin da Gizo ya aikata, a ƙauyenmu ya aikata shi. Idan an ci tuwo an yi isha'i, sai ta jawo kujerarta kusa da murhu, ta tura karan dawa biyu cikin wuta, mu kewaye ta. Muciya takan riƙe a hannu, da ita take nuni.

"Nan ga, gindin tsamiyar bayan rumbu, nan kura tat tsaya," in ji ta, mu duka sai mu waiga. Har na kai shekara tara ban yarda na bi ta gindin tsamiyar nan ni kaɗai ba.

Ƙauyen yana tsakanin Zurmi da Moriki. Ba zan rubuta sunansa ba, don babu mai amsa shi yanzu. Ina da shekara goma sha ɗaya 'yan bindiga suka shigo a kan babura, da rana tsaka, bayan an gama kai hatsi gida. Suka ƙone rumbuna, suka kora shanu, suka kashe maza da yawa. Babanmu yana cikinsu. Mu da muka rage muka koma Ƙaura Namoda, gidan kawunmu kusa da layin dogo, aka ba mu ɗaki biyu.

A Ƙaura Kaka ta daina tatsuniya. Da gawayi ake girki a gidan, a kurfoti, kuma takan zauna kusa da shi bayan isha'i kamar da, amma bakinta a rufe. Na roƙe ta sau ɗaya.

"In nuna muku mi, Saratu?" ta ce. "Bangon siminti?"

Yayana Murtala ya girme ni da shekara goma. Yana karatun kwamfuta a foliteknik ta Ƙaura, saboda haka ba ya ƙauye ranar da abin ya faru, kuma wannan rashin nasa ya yi ta cin sa. Bayan sadakar arba'in ya faɗa wa Innarmu cewa da ya gama jarrabawar zango zai koma ya shiga 'yan sa-kai. Inna ta yi kuka, Kawu ya yi faɗa, bai fasa ba. Kowa a gidan ya san mutum ɗaya ce yake jin maganarta, ita ce Kaka, wadda tun yana rarrafe take ce masa maigidana. Ita kuwa ba ta hana shi ba. Saura wata biyu jarrabawar.

Yana da wata tsohuwar kwamfutar cinya da ya saya na hannu. Kullum da yamma yakan zauna da ita a ƙofar ɗaki, ya toshe kunnuwansa, yana wani wasan harbi. Wata rana na tsaya a bayansa ina kallo, maimakon ya kore ni sai ya matsa mini.

Ya ce wasan ya girme shi. Waɗanda suka yi shi sun saki sirrin ƙirarsa kyauta, sai wasu masu sha'awa a ƙasashe daban-daban suka haɗu suka yi masa sabon inji. "Kamar ki ɗauki tsohuwar motar kasuwa ki sa mata injin bana," ya ce. "Jikin na nan yadda shike, tafiyar ta canza."

Ya buɗe mini tsohon tukuna. Hoton tsaki-tsaki ne, kamar an jera ƙwayar masara. Mutum yana iya juyawa dama da hagu kawai, ba ya ɗaga kai, ba ya sunkuyawa, ko ɗan dakali ba ya iya tsallakewa. Sannan ya buɗe shi a sabon injin. Hoton ya cika fuskar kwamfutar, ya yi tas. Ya ja linzamin kwamfutar sama, sai ga sararin samaniya. Ya yi tsalle, ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashin wani abu. Ya sa mini abin kunnensa, na ji taku daga bayana ta hagu har na waiga. Ya yi dariya. Rabon da in ji dariyarsa tun kafin girbi.

"Ba shi na babban abin ba," ya ce. "Wanga inji na barin mutum shi gina nashi wuri."

Ya danna wani abu, sai ga rijiyarmu.

Ƙauyenmu ne gaba ɗaya. Ya ɗebi hotunan da ke wayarsa ya lulluɓe bangaye da jar ƙasarmu. Ya yi gangaren da ke sauka rafi, ya ce tsohon injin bai san gangare ba sai matakala. Ya ɗora rumbun Baba a kan duwatsu yadda kaji ke shiga ƙarƙashi, ya ce a da ba a iya ɗora wuri a kan wuri. Abin da ya fi alfahari da shi wutar murhu ce. Tana lilo, haskenta yana rawa a jikin bango, kuma duk abin da ya matso kusa sai ta haska shi.

Ina cikin murna sai na ji ƙarar babura. Ya saka su su ma. Shi ya rubuta musu yadda za su yi, ta ina za su ɓullo, su nawa, wane gida za su fara. Ya tsaya a bakin zaurenmu yana harbi har suka kashe shi, fuskar kwamfutar ta yi ja. Ya danna maɓalli ɗaya, ya dawo daidai inda ya ajiye wasan, ya sake. Na ƙirga sau bakwai kafin a kira magariba.

Dabarar nuna wa Kaka tawa ce. Na ce masa tunda abin nuni ta rasa, ga shi ya samu. Na roƙe shi ya cire mutanen da baburansu. Ya cire su a daren, bai bar ko ɗaya ba, ya ƙara kukan awaki da ya ɗauko da waya a kasuwar dabbobi. Mun duba komai tare, ni da shi, ba mu ga saura ba.

Washegari bayan isha'i ya ɗora kwamfutar a kan turmin da aka kifa, gaban Kaka, kusa da kurfoti. Ya faro daga hanyar shiga gari, cikin duhu da taurari. Kaka ta matso da fuskarta, idonta ya yi rauni lokacin.

"La ilaha illallahu," ta ce a hankali. Can kuma: "Kai maigidana, yaushe rijiyarmu tay yi wagga ƙiba? Ko aure tay yi ban sani ba?"

Inna ta rufe baki tana dariya da hawaye tare. Kaka ta shiga gyara masa. Ɗan masallacin ya cika tsawo. Tsamiya ba nan take ba, ta fi kusa da rumbu. Ya ɗaga mata kai ta ga rassan, ya sunkuya ta ga ƙarƙashin rumbu, ta ce kazarta mai wake-wake nan take ƙwai. A cikin 'yan mintoci ta yi maganar da ta fi ta wata biyu.

Ya shige zaure, ya ratsa tsakar gida, ya nufi murhu. Da ya matso, hasken wutar ya faɗa a kan abin da ke ƙasan hoton. Tun farko yana nan, duhu ne ya ɓoye mata shi. Hannu biyu ne riƙe da bindiga, bakinta yana kallon kujerar da ke gefen murhu. Ni da Yaya mun kalle ta har mun daina ganinta, kamar yadda mutum ba ya ganin hancinsa.

Kaka ta ja baya.

"Wane na wanga?"

"Ni na, Kaka."

"Kai? Gidan ubanka kash shigo ba sallama, da bindiga gaba?"

"Haka wasan shike. Ba a ganin mutumin, da idonshi aka gani."

"Da idon wa?"

Ya ɗauke hannunsa daga linzamin.

"Haka sunka ga gidan nan ranar," ta ce. "Daidai haka. Ni ina zaune nan." Ta nuna kujerar da ke cikin kwamfutar da yatsa.

Ya kai hannu zai rufe, ta ce ya bari. Ta daɗe tana kallon wutar. Sannan ta gyara zama, ta buɗe tatsuniya yadda ta saba, ta ce, "Ga ta nan tahe, ku matsa mata wuri." Ni kaɗai na amsa.

Wani maharbi ne, in ji ta, a wannan gidan na bayan masallaci. Kura ta dame shi, kowane dare sai ta ɗauke masa akuya, shi kuwa ba ya gani cikin duhu. Rannan ya kama wata tsohuwar kura a tarko, a gangaren rafi. Ta ce kada ya kashe ta, za ta ara masa idanunta, ya ba ta ajiyar nasa. Ya yarda. Daren nan ya ga daji kamar rana, ya kashe kuraye uku. Da asuba ya dawo gida, 'yarsa ta rugo ta tarye shi, sai ya ga nama yana gudu. Matarsa ta kawo masa ruwa, ya ga inda wuyanta ya fi laushi. Ya san su sarai, sunansu bai ɓace masa ba, amma yawu ya cika masa baki. Ya koma rafi da gudu ya ce a ba shi idonsa. Ya tarar da kurar zaune tana kuka, don da idon mutum ta dubi ƙasusuwan da ke raminta. Ta ce ba za ta mayar ba, gara wannan kukan da waccan yunwar. Maharbin ya dawo gindin tsamiya, ya sa yatsa ya ƙwaƙule idanun aro, ya jefa a rijiya. Ya ƙare rayuwarsa makaho a bakin zaure, yana gane 'ya'yansa da murya.

Gawayin ya fara toka.

"To Kaka," Yaya ya ce, muryarsa ƙasa ƙasa, "da yam makance, wa yat tsare awakin?"

Na jira. Kaka ba ta taɓa rasa amsa ba, ko Gizo ya shiga rami sai ta san ta inda zai fito. Ta buɗe baki, ta rufe. Daga baya ta ce da Inna ta kama ta ta tashi, ƙafarta ta yi sanyi.

A satin nan ya cire bindigar. Ya nuna mini layin rubutun da ya goge, ya ce sabon injin bai damu ba ko hannun mutum wofi ne. Kaka ta yarda ta sake shiga ƙauyen kwamfutar sau biyu, kuma duk biyun sai da ta sa shi ya tsaya a zaure ya yi sallama da ƙarfi, ita ta amsa. Na ɗauka mun ci nasara.

Ya rubuta jarrabawarsa ta ƙarshe ranar Alhamis. Ranar Asabar ya durƙusa gaban Kaka, ta dafa kansa ta daɗe, ba ta ce tafi ba, ba ta ce zauna ba. Ya bar mini kwamfutar.

Sau ɗaya ya dawo, bayan wata huɗu. Ya rame. Ya ƙi zama inda zai ba ƙofa baya. Muna cin abinci ɗan Kawu ya shigo a guje daga waje, na ga hannun Yaya ya kai gefensa, inda babu komai, kafin ya gane yaron. Ya ga na gani. Ya ajiye lomar ya fita. Amma a wannan zuwan ne ya faɗa wa Inna cewa ƙauyuka biyu sun yi shuka bana saboda su 'yan sa-kai suna kwana a bakin hanya suna gadi, kuma na bincika daga baya, gaskiya ya faɗa.

An kashe shi kafin a yanke gero, a wani daji gabas da Zurmi. Ba mu ga gawarsa ba. Kaka ta bi shi a damina ta gaba.

Shekaru da yawa ina jin haushinsa, ina cewa an faɗa masa bai ji ba. Daga baya na koma jin haushinta, ina cewa ta ba shi labarin da ba ta san ƙarshensa ba. Yanzu na bar su duka biyun. Ina ganin ta san abin da idon aro yake yi wa mutum, shi kuma ya san abin da kura take yi wa gidan makaho, kuma babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu. Abin da nake kuka a kai shi ne an kai su inda babu abin zaɓa sai waɗannan biyun.

Ina aure a Shinkafi yanzu, ina koyarwa a firamare. Ɗana na fari sunan Yaya aka sa masa. Idan an yi isha'i yakan hau cinyata ya ce in ba shi ta maharbi, don ita ya fi so. Ina ba shi ita yadda na ji ta, ban ƙara ba ban rage ba, ina tsayawa a bakin zaure inda Kaka ta tsaya. Sai in yi shiru in saurara.

Shekararsa huɗu. Bai tambayi wanda ya tsare awakin ba tukuna.