Igiyar Bindi

Bevan Krieg ya ƙare ƙuruciyarsa a bayan tumaki, a wata babbar gona can kudu. Da gwiwoyinsa suka gaji, sai ya sayi ɗaki mai tayoyi irin na tafi-da-gidanka, ya ɗaura a bayan motarsa. Duk shekara in sanyi ya shigo, yakan bi sauran tsofaffi zuwa arewa, ya sauka a zangon matafiya da ke bakin kogin Thomson, ƙarƙashin wata bishiya da ba ya canzawa. Matarsa ce ta zaɓi wurin a tafiyarsu ta farko, wadda ita ce ta ƙarshe gare ta kafin ta rasu. Bai taɓa faɗa wa kowa ba, amma kullum kujera biyu yake fitarwa.

Abokiyar tafiyarsa Bindi ce, jar karya mai tsayayyun kunnuwa, wadda ta yi kiwo tare da shi har gashin bakinta ya fara fari. Da fito yake yi mata magana. Ya yi gajere ta tsaya, ya ja dogo ta kewayo.

Ladabin zango kuwa Bevan ya san shi. Aljihunsa ba ya rabuwa da leda, duk inda Bindi ta yi kashi zai duƙa ya kwashe, ko da gwiwa na ƙara. Ba ya kulle ta a ɗaki ya tafi gari ta dami maƙwabta da haushi. Ba ta zuwa kusa da murhun kowa. Doka guda ce bai taɓa bi ba, ta sa wa kare igiya.

"Igiya ta karen da bai san sunansa ba ce," in ji shi. Tsohon mai zangon yakan kau da kai. To, a bana wata mata ce mai suna Raelene ta karɓi wurin.

Wata safiya, Noeline Vella, maƙwabciyarsa da ba ta daɗe da sauka ba, tana shanya, ta take igiyar 'yar farar karyarta Coco da ƙafa. Bindi ta hango wani abu fari mai gashi yana motsi. Ta sunkuyar da kai, ta fara rarrafe kamar yadda ta saba yi wa tumaki. Coco ta fizge ta ruga, Noeline ta zame ta zauna a ƙasa. Kafin Bevan ya kai yatsu baki ya yi fito, Bindi ta kewaye Coco, ta kaɗa ta cikin ɗakin wanki, ta kwanta a ƙofa tana jiran yabo. Ba ta taɓa ko gashinta ba.

Raelene ta same shi da rana, hannu a ƙugu.

"Bevan, matar nan bara aka yi mata aiki a ƙugu."

"Ai ba ta ciji kowa ba."

"Na sani, tsoho. Ni na san Bindi, kai ka san ta. Wanda ya sauka jiya fa? Ko igiya, ko hanya. Zaɓi ya rage naka."

Bai yi musu ba. Ya san sauran zangunan dokar ɗaya ce, wasu ma ba sa karɓar kare sam. Kuma babu wannan bishiyar a ko'ina. Ya je kanti ya sayo igiya, yana cewa a ransa karyar da ta iya raba rago ɗaya daga garke, wannan ba zai gagare ta ba.

Yana maƙala mata igiyar a wuya, Bindi ta kwanta, ta ɗora haɓa a kan ƙafafunta. Ya ja, ta ƙi motsi. Ya yi fito, ta ɗago kunne, ta dube shi, ta dubi igiyar, ta mayar da kai. Sai a lokacin ya tuna. A gona, ba a ɗaure kare sai an tashi aiki. Ɗauri na nufin a kwanta a huta. Shi da hannunsa ya koya mata, kuma ta koya da kyau.

Da la'asar, tsofaffin zango suka jawo kujerunsu wuri ɗaya kamar kullum, wasu da shayi, wasu da kwalbar giya. Des, tsohon direban babbar mota, shi ya fara.

"Mutumina, na ga ka sayi sabon buhun dankali. Ja kake, ko turawa?"

"Ta fi ka jin magana, Des."

"Ai ni ma in aka ɗaure ni kwanciya nake. Tambayi matata."

Aka yi dariya, Bevan ma ya murmusa. Amma kwanaki suka shige Bindi ba ta taka ko'ina ba, sai in ya ɗauke ta a mota ya kai ta nesa da zango. Ta fara barin abinci a kwano. Ya kama kansa yana duba tayoyin ɗakin, kamar mai shirin tafiya.

Wata safiya ya kama kifi a kogi, ya gyara, ya ɗaure Bindi jikin wani ƙarfe a gaban ɗakinsa, inda idonsa zai kai gare ta, ya taka zuwa wurin Noeline da hula a hannu.

"Na zo ba da haƙuri. Laifina ne, ba nata ba."

"Ka daɗe a hanya," ta ce, "ga shi taku kaɗan ne." Ta karɓi kifin, ta juya shi. "Ina mai laifin?"

"Tana kwance. Ta ƙi tafiya da igiya."

"Mu je in gani."

Ta ɗauko sandarta, Coco na gaba tana taƙama. Suna wucewa ta gaban ɗakin Bevan, Bindi ta miƙe tsaye, kunnuwa sama, ido a kan farar.

"Au, wannan ce ba ta tafiya?" in ji Noeline. "Kwance ta daga ƙarfen nan, ka riƙe da kyau. In ta sake kayar da ni, kai zan kayar."

Noeline ta yi gaba a hankali. Bindi ta bi bayan Coco, kai a ƙasa, igiya sako-sako a hannun Bevan. Coco ta waiwaya sau ɗaya, ta ga Bindi a ɗaure take, ta ɗaga wutsiya ta ci gaba. Haka suka kewaye zango har bakin kogi.

Des ya leƙo ta taga. "Kai, Bevan! Garken naka ya ragu fa!"

"Tunkiya ɗaya ta ishi tsoho," Noeline ta amsa masa.

Raelene na ban ruwa ga ciyawa a gaban ofis. Ta bi igiyar da ido, daga wuyan Bindi zuwa hannun Bevan, ta ɗaga masa hannu, ta koma kan aikinta.

Tun daga ranar, kowace safiya haka ake ganin su, fara a gaba, ja a baya. Bindi ta koma lashe kwanonta. Ranar da Bevan ya gayyaci Noeline shayi ƙarƙashin bishiyar, ta tsaya ta dubi kujera ta biyu, ta dube shi. Sai ta gane akwai mai ita, ta juya, ta je ta ɗauko tata kujerar.