Damon da Aka Kawo wa Kakata

Mu a gidanmu na Barkiya ba a cin damo, ba a kuma kashe shi. Kakata ta wajen uba takan ce shi ne kan gidanmu. Wai a wata shekarar fari shi ya ja kakan kakanmu har bakin ruwa, kuma ba dabba ba ce zalla, akwai mutanen ɓoye a jikinsa. Babana kullum cewa yake camfi ne, amma ban taɓa ganin ya kai naman baki ba.

To, saurayin da nake so mutumin Kuki ne, su kuwa a gidansu damo nama ne na karrama manya. Magana ta yi nisa, saura amincewar tsohuwa, don a gidan nan in ta ce a'a, an gama.

Ran nan da hantsi sai ga shi da buhu, ya zo gaishe ta. Ya durƙusa, ya kwance bakin buhun, sai ga ƙaton damo an ɗaure masa ƙafafu da igiyar kaba. Ina bayan danga ina leƙe. Na ce a raina shi ke nan, wannan sakaran ya kashe mana aure da hannunsa.

Tsohuwa ko kallonsa ba ta yi ba. Ta matso kusa da damon ta ce, "Sannu, Baba. Yi haƙuri, yaro ne, bai sani ba." Ta kwance igiyar, ta yayyafa masa ruwa, ya ja jiki ya shige ƙarƙashin rumbu.

Sannan ta juyo kan saurayin nawa. "Kai mai son zama angona, me ya hana ka yanka shi tun a can?"

Ya ce, "Iya, so na yi a yanka a gabanki, kada naman ya kwana."

Ta yi dariya har da hawaye. "Ka dai faɗi gaskiya. Da gawarsa ka kawo, ko ruwan gidan nan ba ka sha. Yanzu zaɓi ɗaya har abada, jikata ko naman damo."

Ni ya zaɓa, alhamdu lillahi. Ga mu nan a Dutsin-Ma mun tsufa tare lafiya lau, har da jikoki, bai kuwa ƙara ci ba. Amma fa kafin ya ba ta amsa sai da ya ɗan yi shiru yana tunani, ina ji ina gani, kuma wannan shirun har yau ban yafe masa ba.