Ɗingishin Kolo Kalilu

A garin Lafiya, shekarun da ake shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa, an yi wani falke mai suna Kolo Kalilu, wanda ke kai gishiri kasuwannin Obi da Agyaragu. Kakanninsa Barebari ne, ba ya kuwa gajiya da tuna wa mutane haka. Mutum ne mai son girma, kuma gaskiya ana ba shi.

Wata shekara jakinsa ya mutu, ciniki ya tsaya cak, ga haraji ya ƙarato. Maimakon ya buɗe baki ya nemi taimako, sai ya sa aka rubuta masa takarda da ajami a ɓoye, wai ƙafarsa ta shanye, a sa shi cikin gajiyayyu waɗanda ba a karɓar haraji a hannunsu. Malamin haraji ya karɓa, ya ce masa za a aika gaba, ya je ya jira amsa.

To, wanda ya ce ƙafarsa ta shanye ai ba shi ba fatauci. Dole Kolo ya nemi sanda ya koyi ɗingishi. Wata ɗaya, wata biyu, shiru kake ji. Duk Juma'a sai ya ja ƙafa ya je ya tambaya, a ce masa, "Takardarka tana gaba, Baba." Matarsa Yagana ta daina kallon idonsa.

Abin da ya fi cin ransa shi ne maƙwabcinsa Babandi, masaƙi mai 'ya'ya shida. Kullum sai ya shigo da man shafawa, ya durƙusa yana murza masa lafiyayyar ƙafa, yana cewa, "Sannu Yaya Kolo, Allah ya sawwaƙe." Kai! Kolo ji yake kamar ƙasa ta tsage ya shige. Sau uku yana niyyar karɓo takardar, kunya tana hana shi.

A wata na biyar amsa ta zo, an yafe masa. Mai unguwa ya tara magidanta ya sanar, ya ƙara da cewa harajin unguwa dai ba ya raguwa, sai wani ya ɗauki rabon Kolo. Kowa ya sunkuyar da kai. Babandi ya ce, "A ɗora mini, Mai unguwa. Zan sayar da akuyata."

Kolo ya dogara sandarsa ya ɗingisa zuwa gida. Shekara tara ya ƙara a duniya da lafiyayyun ƙafafunsa, bai sake taka hanyar Obi ba, bai kuma taɓa yarda Babandi ya gan shi babu sanda ba.